Ranar Da Na Yi Wa Kulorin Haɗin Taki

Edita, a lokacin ni manomin doya ne a Yara, karatuna bai wuce aji huɗu ba. Amma da yake na taɓa zuba magani a rijiyoyin unguwa, sai na naɗa kaina injiniyan ruwa, ba wanda ya musa. Shekarun da Abuja ta tumbatso har Keffi, ɗan ƙanwata ya gina otal a hanyar Garaku, har da wurin ninkaya mai shuɗin tayil, ya ce Kawu kaɗai zai damƙa wa ruwan. Ranar don murna ko tuwo ban iya ci ba.

Ana saura kwana biyu a buɗe otal, ruwan ya yi kore kamar miyar kuka. Na hau mota sai Mararraba, shagon da ake sayar da kulorin, maganin tsabtace ruwa. Mai shagon, wata 'yar ƙabilar Eggon mai haƙuri, ta bayyana mini kulorin iri uku ne: na ƙwaya mai narkewa a hankali, shi ke jure zafin ranarmu, na gari mai kashe gansakuka nan take, sai na ruwa, wanda rana ke saurin cinyewa. Ta ce na gari ne maganin matsalata, ta roƙe ni don Allah, Baba, kada in bari iri biyu su haɗu a mazubi ɗaya. Na shaida mata tun ba a haife ta ba nake harkar ruwa. Na kwaso ƙwaya da gari.

A gona dai na san in ka gauraya taki iri biyu, doya ta fi ƙiba. Sai na daka ƙwayar, na juye garin a kai cikin bokiti, na yayyafa ruwa. Bokiti ya hau tafasa, hayaƙi ruwan ɗorawa ya turnuƙe, sai ƙara kamar fashewar taya. Gudun da na yi, masu share harabar har yau suna kwaikwayonsa. Kwana tara na yi a asibiti ina tari kamar tsohon janareto. Aka ɗaga buɗewa. Ɗan ƙanwata ya zo dubiya, cikin ladabi ya ce Kawu ya huta haka nan, ya koma ban ruwan furanni.

Abin da na koya, shekaru ba sa karanta rubutun jikin robar magani. Masu wurin ninkaya, ku zaɓi iri ɗaya daidai da ciwon ruwanku, ku tambaya, kada ku gauraya. Bokiti an sayi wani. Huhu kuwa na tambayi likita, ya ce ba su da na canji.