Ƙishirwar Yaya Iro

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar yayana Iro, kuma wallahi har yau ban huce ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da yanka filayen unguwar Tudun Wada ba. Muna zaune gidan Baffa Sule, ƙanin mahaifinmu, Iro yana yi masa jimar fata. Sai ciwon mara ya kama shi. In ya yi fitsari a kasko, wani farin gari kamar alli ke kwantawa a ƙasa, wani sa'in har da tsakuwa da jini. Ƙato guda, amma in fitsari ya matsa shi, har maƙwabta suna jin ihunsa.

Baffa ya leƙa kaskon ya yanke hukunci: farin abu ke fita, to farin abu ne ya shiga. Ya hana shi nono. Sai tuwo da miyar yakuwa da ta sha gishiri, wai ta narkar da tsakuwar. Da ihun ya fara ba shi kunya gaban masu sayen fata, sai ya sa aka ɗauke randa daga ɗakin, don in bai sha ba ba zai yi fitsarin ba.

Iro ya ce, "Baffa, ko kurɓi ɗaya, don Allah."

Ya ce, "Magani ne," ya fita yana sakace.

Innarmu ta saci jiki ta kai masa ruwa, Baffa ya tattake ƙwaryar a gabanta. Haka Iro ya rasu, leɓensa a tsattsage.

Bara irin ciwon ya same ni. Likita ya ce hanjin wasu na tsotse sinadarin da ke gina ƙashi fiye da kima, rarar ta bi fitsari ta dunƙule. Gishiri na ƙara koro shi, yakuwa na taya shi dunƙulewa, hana nono kuwa ba ya magani. Babban maganin, in ji shi, ruwa. Ruwa fa, jama'a! Da Iro zai ga an ajiye mini tulu ana cewa in yi ta sha, ban san dariya zai yi ko kuka ba.

Me ya rage nasa? Bai bar ɗa ba, kabarinsa ya baje tuntuni. Baffa kuwa ya tsufa da daraja, ana ta cewa mutumin kirki. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya tara mu neman gafara. Na ce, "Baffa, ni babu komai tsakaninmu, sai dai hakkin Iro."

Ya ɗaga ido ya dube ni, tsakaninsa da Allah, ya ce, "Wane Iro?"