Gudumar Bang Deok-su

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da Bang Deok-su, maginin tukwane a ƙauyenmu na gefen Icheon. Farin tulu yake yi, irin wanda ake gina sama daban, ƙasa daban, a haɗa a tsakiya. Ranar buɗe matoya yakan ɗaga kowane tulu ya juya shi a rana. In ya ga tsaga ko ɗigon toka, sai guduma. Cikin ashirin da ƙyar uku ke tsira, kuma su kaɗai ke fita da sunansa. Marigayi maigidana yakan ce, "Mu gode Allah ba wannan ne zai yi mana hisabi ba."

Bara 'yarsa Eun-sil ta dawo daga Seoul da nata salon, tuluna karkatattu na saka fure.

Ya ce, "Wannan tulu ne ko kabewar da mota ta taka?"

Ta ce, "Baba, ai kabewar ake rububi a birni."

Ya bar ta ta gasa a matoyarsa, amma guduma ba ya ba kowa.

Da kaka na fara lura. Ina dawowa daga addu'ar asuba a coci na rusuna masa a ƙofa, ya wuce ni kamar turke. Sai da na yi tari ya ce, "A'a, Maman Gyeong-ho!" Wata rana ya zuba mini shayi, rabi a ƙasa. Na sa shi a addu'a.

Ranar buɗe matoya na kai musu dafaffen dankali. Yana ɗaga tulu a rana yadda ya saba, amma yatsunsa ne ke dubawa. Ya fasa biyu da ban ga aibunsu ba. Na uku yana da tsaga siririya kamar gashi, a ƙarƙashin sheƙin, inda yatsa ba ya ji.

Ya ce, "Wannan ya tsira."

Eun-sil ta dube ni. In ta yi shiru, tsagaggen tulu zai fita da sunan ubanta. In ta faɗa, ya san asirin idonsa ya tonu.

"Baba, akwai tsaga."

"Ina?"

Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Ya shafa, bai ji komai ba. Sannan ya miƙa mata gudumar, ta buga.

Ya ce, "Biyun da na fasa fa?"

Sai ya juyo wajena.

"Maman Gyeong-ho, ke ba kya ƙarya. Faɗa mini."

Na ce, "Lafiyarsu ƙalau, Baban Eun-sil."

Ya gyaɗa kai, ya bi bango da lalube har rumfarsa, ya ja ƙofa. Wata huɗu ke nan bai taɓa yumɓu ba. Kullum da rana ina jin sa yana kiran Eun-sil ta kunna masa fitila.