Galan Biyu a Kongolam

Ana sallame asuba muka kama hanyar Daura daga Kano, ni da yayana mai shagon maganin Musulunci. Zuma za shi sara a Kongolam, ni kuwa son ganin gari ne kawai. Bayan Kazaure muka karya da ƙosai mai zafi, wanda man da ke jikinsa ya fi waken yawa.

A Daura muka tsaya Kusugu, domin Hajiyarmu ta ce kada mu dawo mata ba ruwan rijiyar. Galan biyu na roba iri ɗaya muka taho da su, muka cika ɗaya.

Kongolam ta burge ni. Taku kaɗan ne tsakaninmu da Nijar, amma mu muna awo da galan da mudu, su da lita da kilo. Mai zumar wani dattijo ne daga tsallake. Ya cika mana ɗaya galan ɗin, sikelinsa ya nuna kilo biyar da giram ɗari bakwai.

Yaya ya daɗe da haddace cewa galan na zuma tsantsa laba goma sha huɗu ne, wato kusan kilo shida da rabi. Nan take ya ɗaga murya: "Baba, an sirka wannan da ruwa!"

Mutane suka taru, har wani na cewa a kira 'yan hisba. Wallahi dattijon ya ba ni tausayi, don in sunan algus ya bi shi, ya gama ciniki a kasuwar nan.

Ni kuma abin da ke cina daban ne: wane galan ake nufi? Na ɗora ruwan Hajiya a sikeli, ya ba da kilo huɗu da ɗan nauyin roba. Tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, robarmu lita huɗu take ci. Galan ɗin Ingila, mai laba sha huɗun, ya ɗara lita huɗu da rabi. Da muka raba nauyin zumar gida huɗu, kowace lita ta haura kilo ɗaya da giram ɗari huɗu. Aka mayar da lissafin zuwa galan ɗin Ingila, laba sha huɗu ta fito. Zuma lafiyarta ƙalau.

Yaya ya matsa kusa, ya ce a hankali, "Baba, a yi haƙuri."

"Ɗana," in ji dattijon, "da ƙarfi ka faɗi na farko."

Yaya ya juya ga jama'a, ya faɗa da ƙarfi cewa zumar ba algus, a yi haƙuri, har masu awaki suka waiwayo.

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Na koyi cewa kafin a yi maganar nauyi sai an san girman mazubi. Hajiya ta karɓi ruwanta, ta tambayi yadda hanya ta kasance. Yaya ya ce, "Saura kaɗan in ɓata sunan bawan Allah."