Inda Nauyin Lajim Yake Sauka

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaga sammai ba da ginshiƙi ba, Ya sanya kowane tauraro yana iyo a cikin falakinsa.

Lajim bin Tahir maƙwabcina ne a Carnarvon, wani gari na bakin teku. Da ƙuruciyarsa yana nutso ne a Broome, yana tsinto kawar lu'ulu'u, har ciwon zurfi da ke kama masu nutso ya shanye masa ƙafar hagu. Daga nan ya zama mai dafa abinci a tashar kan tudu, inda manyan faifayin ƙarfe ke sauraren saƙon kumbo idan ya gifta sararin samaniya.

A tudu kowane taku azaba ne gare shi, a ruwa kaɗai yake samun sa'ida. Amma tun ranar da igiyar ruwa ta kusa tafiya da shi, 'yarsa Rohani ta hana shi teku.

Wata rana yana zuba wa injiniya Warwick shinkafa da kifi, ya ce, "Yaro, mutanen naku da ke shawagi a cikin kumbo, ina nauyinsu ya tafi?"

"Yana nan, Baba. Faɗuwa suke yi, su da kumbon tare. Sai dai tsananin gudunsu ya sa duniya ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsu kafin su iso ta. Su rage gudu su sauko, su ƙara su yi nisa."

"Wannan ai na sani. Da hular tagulla ta masu nutso na yi shi a ƙarƙashin teku."

"Ba ɗaya ba ne. Kai ruwa ne ke tallafe da kai, su kuwa babu abin da ke riƙe da su."

"Ashe na fi su gata," in ji Lajim. "Ci kifinka."

Bayan la'asar ya zo mini da Rohani, wai in yi musu hukunci kan hana shi teku, da yake ni ne liman. Na ce jiki amana ne, kuma tausayin 'ya ba saɓo ba ne. Sai ya ce, "Liman, ai mai nutso ba ya sauka sai da mai riƙe masa igiya a kan jirgi. Ni nawa ya daɗe da rasuwa."

Rohani ta ce, "Idan na riƙe maka igiyar na ja, za ka dawo?"

"Idan kin ja."

"Baba, ka faɗa a gaban Liman."

Ya faɗa.

Na raka su bakin gaɓa. Ta ɗaura masa igiyar shanya a ƙugu, ya kwanta rigingine a kan ruwa, na ga tamojin fuskarsa suna warwarewa. Da ta ja, sai ya yi kamar bai ji ba. Ta sake ja da ƙarfi, ya dawo yana gunaguni. Haka suka riƙa yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba ta taɓa ba wani igiyar ba.

Allah Ya jiƙan Lajim, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka wa 'yarsa da alheri.