Dutsen Shafar Marta

Marta maƙwabciyata ce a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, inda gonar kowa ke gogar ta ɗan'uwansa. Maginiyar tukwane ce. Ni mai sallah, ita mai zuwa coci, amma ruwan randarta na sha na tsufa. Bakinta ya fi nawa kaifi, wannan kuwa ba ƙaramar shaida ba ce.

Da robobi suka cika kasuwa, ciniki ya kwanta. 'Ya'yanta mata suka ce yumɓu na ɓata farce. Bara da rani ta shigo gidana, ta kwance bakin zane, ta nuna mini ɗan baƙin dutsen da take shafe tukunya da shi ta yi sheƙi. Na surukarta ne, ita ma gadonsa ta yi.

"Kolo, raka ni birni," in ji ta. "An ce akwai tsohon gidan sarauta da ake ajiye kayan da suka mutu. Can zan bar shi. Na daina."

Na ce, "To ki zauna tare da shi mana, ke ma ai kayan tarihi ce."

Muka je. Tun daga zaure muka tuɓe takalma, don ba a shiga gidan manya da su. Mai zagayawa da baƙi, Malam Sabiru, ya ce, "Inna, ku mayar, ba komai." Muka ƙi. Haka muka bi shi, kowacce da silifa a hammata.

Ni da na yi yawon fatauci har na raina gine-gine, nan na tsaya na ɗaga kai ina ta kallo. Katanga ta fi shimfiɗar tabarma kauri. Rufin azara can sama, ba ginshiƙi a tsakiya, sai sanyi kamar cikin rijiya. Duk ƙasa ce, irin wadda muke takawa.

A wani ɗaki muka tarar da randa, rabinta ɗinkin ɓaraguzai. Malam Sabiru ya ce tono ta aka yi, kuma ba wanda ya san sunan mai ita. Marta ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, yadda ake yi a kasuwa.

"Inna, ba a taɓawa!"

"Randa ce ba a taɓawa? To me ta zo yi duniya?"

Ta maida hannu baya, ta sunkuya ta leƙa ciki. Ta jawo ni. A ƙarƙashin leɓen randar ga shaidar babban yatsa, ya lotsa yumɓu, har zanen fatar ana gani.

"Dubi nan, Kolo," ta ce a hankali. "Hannun maginiyar ya zame ta gyara. Ni ma nan yake zame mini."

Sai ta durƙusa har ƙasa, kamar gaban uwar miji. "Sannu da aiki, Iya," in ji ta. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na sake leƙa cikin randar. Matar da ta gina ta ƙashinta ma ya zama ƙasa, amma ga yatsanta kamar jiya ta ɗaga shi.

Malam Sabiru ya tambaya, "Kun ce kun zo da wani abu?"

Marta ta dafe bakin zanenta. "Mun zo da ƙafafunmu ne, ɗana."

Kashegari na hango ta da kwando, ta nufi ramin yumɓu. Ta gina randuna, ta gasa. Mafi kyawun ta ƙi sayarwa, ta haƙa rami a bayan ɗakinta ta binne.

Na ce, "Gari zai ce asiri kika yi."

"Su ce. Wata za ta tono ta gaishe ni."

Ciniki dai har yau bai tashi ba. Amma kullum da hantsi ina jin dutsen nan yana goga ta bayan danga.