Ofishina a Kan Soron Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da mahaifiyata. Ƙanwarta ce ke kwance ba lafiya a wani ƙauye kusa da Bagwai, mahaifiyar tawa ta ce sai ta je jinya, ni kuma ba zan bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Aikina zanen littattafan yara ne a kwamfuta, ko'ina ina iya yinsa muddin akwai intanet.

A Dawanau muka maƙale bayan manyan motocin hatsi har rana ta fito. Da muka wuce, hanya ta buɗe. An yanke gero an ɗaure, dawa ta sunkuyar da kai, gida na hangen gida, babu filin da aka bari banza. Mun sayi dafaffiyar gyaɗa a bakin titi, mahaifiyata na ta mita wai ashe a birni cutarmu ake yi.

Gidan mara lafiyar ya cika da 'yan dubiya, sai na kama hayar ɗaki na mako biyu wurin wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Ɗaki tsaf, ga wutar sola, ga fura kullum da hantsi. Sabis ne dai babu. Saƙo ɗaya sai ya yini bai tafi ba. Ranar Alhamis kuwa ina da taro ta bidiyo da masu ba ni aiki, a nan za su yanke ko za su ci gaba da ni.

Na sauya layi, na gwada bakin rijiya, na gwada zaure. Kwana biyu ina yawo da waya a sama kamar mai duban wata.

"'Yar nan, me kike nema ne?" in ji Inna.

Na faɗa mata.

"Ai sai ki hau soro. Can nake magana da ɗana na Fatakwal."

Na taka tsani na hau. Tsakanin shanyar barkono da kuɓewa saƙonni suka fara shigowa a guje.

Ranar Alhamis Inna ta sa aka share min gefe guda, aka shimfiɗa tabarma, aka kafa zani a kan kara don inuwa. Ta kuma hana daka a gidan har in gama. Barkono ya sa ni atishawa a tsakiyar bayani. Sau biyu hoto ya tsaya, sannan ya dawo. Na nuna zanena har shafin ƙarshe. Suka ce mu ci gaba, har da littafi na gaba.

Da muka tashi dawowa, mara lafiyar da ƙafarta ta rako mu bakin mota. Mun iso gida da la'asar, da ƙullin busasshiyar kuɓewa daga Inna.

Kwana biyu na sha wahalar neman sabis ni kaɗai, alhali amsar tana bakin matar da nake gaisarwa kullum da safe. Yanzu duk inda na sauka, kafin in kunna kwamfuta, sai na zauna na tambayi masu gida.