Kafaɗar Tegid da akwatin Emrys

Shekara ashirin da shida ke nan Eirlys Probert tana gyara abin da mazan garin Blaenteg suke ɓallawa kowace Asabar a filin ƙwallon zari-ruga. Da rana tana gashin ƙashi a asibitin gunduma, inda marasa lafiya kan ji magana. Talata da Alhamis da yamma kuma sai ta sauko ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, mai warin man zafi da jiƙaƙƙen safa, inda ba mai jin komai. Mahaifinta ya yi shekara talatin a ramin kwal, ya kuma buga wa kulob ɗin garin ƙwallo har gwiwoyinsa suka daina lanƙwasuwa. Tun tana 'yar shekara tara ita take ɗaura masa igiyar takalmi. Takan ce a nan ta koyi aikin, a nan kuma ta gane cewa namijin kwarin nan gara ya rasa ƙafa da a gan shi zaune a benci.

Robobin motsa jiki da take rabawa, ta taɓa ganin ɗaya an ɗaure ƙofar garken tumaki da ita, wata kuma a wuyan kare. Takardun atisayen da take rubutawa da hannunta, a kansu ake ɗora kofin shayi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa bin umarninta sau da ƙafa: Tegid Bowen, mai aikin rufin gidaje, ɗan shekara talatin da huɗu, mai lamba uku a sahun gaba na turereniya. An yi masa tiyata a kafaɗar hagu, likita kuma ya faɗa masa a gaban matarsa cewa in ɗinkin ya sake yagewa, ba ƙwallo kaɗai zai bari ba, har hawa tsani. Wannan ya tsorata shi. Mako goma sha ɗaya yana jan roba safe da yamma, yana rarrafa yatsu a jikin bango kamar gizo-gizo, ko jakar kasuwa bai ɗauka da hannun ba. Eirlys har ta fara ba da labarinsa a asibiti.

Sai tsohon kocin kulob ɗin, Emrys Havard, ya rasu ran Lahadi.

Ran Talata Tegid ya shigo yana sosa ƙeya.

"Anti, ran Juma'a ne jana'izar."

"Na sani. Ɗaga hannun. A hankali, ba tuta ba ce."

"Sahun gaba ne za su ɗauka. Kin san yadda ake yi."

Ta sani. A Blaenteg in ɗan kulob ya mutu, 'yan wasa shida ke ɗaukar akwatinsa a kafaɗa daga ƙofar coci zuwa maƙabartar da ke kan tudu, kowa kuma a gefen da yake tsayawa a fili. Lamba ɗaya a gaba ta hagu, lamba uku a gaba ta dama. Wanda yake dama kuwa, kafaɗarsa ta hagu ce a ƙarƙashin katako.

"Emrys ya kai nauyin buhun siminti biyu da rai," ta ce. "Ga akwatin, ga tudu, ga ruwan da aka ce za a yi. Ba za ka ɗauka ba."

"Shi ya fara ba ni riga ina shekara sha bakwai, Anti. In tsaya ina kallo da lema kamar ɗan majalisa?"

Ta dube shi, ta ga wannan karon tsoron likita ba zai yi aiki ba. Ta zauna a bakin gadon gashi ta yi tunani, abin kuwa ba wuya. Dabarar ita ce Tegid ya koma gefen hagu, ya ɗauka da kafaɗar dama mai lafiya, lamba ɗaya ya dawo dama. Sai dai lamba ɗayan Cledwyn Rosser ne, mijin yayar Tegid, direban motar shara, wanda ake cewa tun da aka haife shi bai taɓa canza kujera a mashayar kulob ba.

Ta same shi a waje yana cire laka daga takalminsa da makullin mota.

"Ni a dama?" Cledwyn ya ce. "Anti, shekara goma sha tara ina hagu. Ko a gado ina hagu."

"Taku ɗari biyu ne, Cled. Ba aure na ce ka sake ba."

"Emrys ne ya sa ni a hagu. In ya leƙo ya gan ni a dama, cewa zai yi na sha."

"Ba zai leƙo ba. An rufe da ƙusa."

"Mutane za su yi magana."

"Za su fi yin magana in surukinka ya dawo gidanka da zama shi da 'ya'ya biyu, da hannu ɗaya."

Wannan ta shige shi. Ya kalli takalmin, ya ce to, amma a rubuta cewa ba da son ransa ba.

Ran Alhamis, maimakon atisaye, Eirlys ta sa aka fito da dogon bencin ɗakin canza kaya, aka ɗaure masa buhunan yashi huɗu. Ƙarti shida suka yi ta zagaya fili da shi a kafaɗa, tana bin su tana faɗa. Gwiwa za a lanƙwasa, ba baya ba. A ɗaga tare, da ƙirga uku. Cledwyn yana ta ƙorafi cewa duniya ta karkace masa. Sau biyar suka zagaya kafin ta sallame su.

Ran Juma'a cocin ya cika har bakin titi. Aka yi waƙoƙin da Emrys yake so, mazan baya suna jan muryar ƙasa har tagogi na rawa. Eirlys tana tsaye daf da ƙofa cikin baƙin takalmi mai tsini da ke matse mata yatsu. Aka turo akwatin zuwa bakin ƙofa, rigar kulob a shimfiɗe a kansa. 'Yan wasan shida suka matso, idanu jajur, ba mai kallon wani. Ƙafafunsu kuwa suka kai kowa inda suka saba kai shi. Cledwyn a hagu, Tegid a dama. Ba wanda ya yi niyya. Tegid har ya durƙusa, ya kai kafaɗar hagu ƙarƙashin katakon.

Eirlys ta rufe ido na ɗan lokaci. Mutum ɗari uku ne a wurin, ga fasto, ga Nesta matar mamacin tana riƙe da hankici. Mai kula da jana'izar ya riga ya ce ɗaya.

"Ku tsaya," ta ce, da muryar da take kiran su da ita daga bakin fili. "Lamba uku, hagu. Cledwyn, zagayo."

Ƙarti biyu cikin baƙaƙen kwat suka zagaya akwatin, suka yi karo a gabansa, kowa ya ce wa ɗan'uwansa yi haƙuri. Wata tsohuwa a baya ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Nesta ta sauke hankicin.

"Ku yi abin da ta ce," ta ce. "Shi ma da ya ji maganarta, da bai yi shekara goma yana ɗingishi ba."

Aka ɗaga da ƙirga uku. Eirlys ta bi su har kan tudu cikin yayyafi, tsinin takalminta yana nutsewa a ciyawa, idonta a kan hannun hagun Tegid da ke rataye a gefensa ba ya ɗauke da komai. A wurin shayi da burodi bayan an dawo, mutum biyu sun ƙi yi mata magana, huɗu sun nuna mata gwiwoyinsu ta duba musu.

Ran Talata Tegid ya ɗaga hannun har ya taɓa saman ƙofa, ba zafi. Ta latsa nan, ta juya can, ta ce saura mako biyar, kuma in ta gan shi kusa da tsani za ta gaya wa matarsa. Yana fita Cledwyn ya shigo a karkace, wuya a sanƙare, kamar mai leƙen ƙarƙashin mota.

"Na gaya miki ni ɗan hagu ne," ya ce.

Eirlys ta ja dogon numfashi, ta buɗe kwalbar man zafi.

"Cire rigar, ka kwanta."

"Ta wane gefe?"

"Duk wanda ka ga dama, Cled."